Gawayina a Tukubar Alhaji Bakari

Sallama gare ku masu bina a wannan shafi, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Na ga saƙonninku duka. Wata ta ce ko hidimar anko ce ta ɓoye ni, wata ta ce in ɗora hoton lefe kafin jira ya kashe ta. Allah ya bar zumunci. Ba anko ba ne, ba kuma lefe ba. Duk lokacin da na ɗauki waya zan rubuta sai idona ya cika, in ajiye. Yau dai na ce ko da kuka ne sai na faɗa muku.

Saboda sababbi, sunana Jannatu. 'Yar New Bell ce ni, a nan Douala. A nan aka haifi babana, kakana ne ya zo daga Zariya da fataucin goro ya ga ruwa da ayaba ya ƙi komawa. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin sarrafa sinadarai da makamashi. Wanda aka sa mana rana da shi sunansa Rabe. Tsofaffin masu karatu kun san ban taɓa rubuta sunan mahaifinsa ba, Alhaji kawai nake cewa, don 'yar gidan mutunci ba ta kama sunan suruki. To yau zan kama. Sunansa Alhaji Bakari mai soya, wato tsire a bakin mutanen nan. Yanzu babu abin da ya hana ni.

Bari in ɗauko muku daga tushe.

Tun da rikicin yankin Anglofon, ɓangaren ƙasar nan mai amfani da Turanci, ya yi tsanani, wutar girki ta zama abin lallaɓawa a unguwarmu. Motocin da ke shigo mana da itace da gawayi ta hanyar Bonabéri suka ragu, ranar Litinin kuwa, da 'yan aware ke hana fita a can, ko ɗaya ba ka gani. Gas in ka samu yau, sai ka yi yawon neman sa wani watan. Mahaifiyata, Inno, ta koma tsince gawayin da bai cinye ba tana yayyafa masa ruwa saboda girkin gobe. Masu gasa nama kuwa abin ya haɗe musu biyu, ga tsadar shanu ga tsadar wuta.

A wannan hali ne malamar da ke duba aikina, wadda muke kira Madam, ta ba ni abin da zan yi bincike a kai. Cewa ta yi in duba abin da garin nan ke zubarwa in mayar mata da shi wuta. Na gwada ɓawon ayaba, toka ta fi wutar yawa. Na gwada garin katako, ya ci kamar an kora shi, kafin ruwa ya tafasa ya mutu. Ɓawon kwakwa yana da zafi mai kyau amma ba ya isa, kowa ma nemansa yake. Na yi watanni ina dawowa gida baƙi ƙirin har cikin farce, Inno tana cewa ita dai ta kai 'ya jami'a an dawo mata da maƙeriya.

Daga ƙarshe abin da ya karɓe ni shi ne dusar masana'antar giya. Na san wasunku sun ɗaga gira, don haka ku tsaya ku ji. A can ana jiƙa sha'ir da masara ne a dafa, a tace. Ruwan da aka tace shi ke wucewa gaba a zuba masa yis ya zama abin da ya zama. Dusar da ta rage a matata ba ta taɓa haɗuwa da yis ba, babu ɗigon barasa a cikinta. Na auna a ɗakin gwaji ba sau ɗaya ba. Masu kiwo ne ke saye suna ba dabbobi, ragowar ta ruɓe a banza.

Ni kuma sai in shanya ta, in ƙona a cikin ganga mai murfi yadda iska ba za ta shiga sosai ba, har ta koma baƙa. In niƙa, in haɗa da ɗan gawayin kwakwa, in dama kokon rogo in kwaɓa, in matse a injin hannu su fito curi-curi kamar fura. Na farko da na yi, danshin Douala ya sa suka yi funfuna suka farfashe. Sai da na gano ɗan yumɓun da za a ƙara kafin suka tsaya da ƙafarsu. Ranar da na'urar auna zafi ta nuna min gawayina ya kamo na itace, a ƙasan ɗakin gwajin na zauna da farar rigata ina dariya ni kaɗai.

Duk wannan wahala, da Rabe na sha ta.

Yana da keke mai ƙafa uku, shuɗi, wanda yake ɗaukar wa mahaifinsa nama da itace. Kowace Asabar shi ke zuwa ya ɗauke ni mu je bakin ƙofar masana'antar, inda mata ke sayar da dusar a buhu. Jiƙaƙƙiya ce, tana da wani tsami mai hawa kai. Sai ya ɗaure hanci da hankici ya saɓa buhu a kafaɗa, ruwan yana bin bayan rigarsa, yana mita yana dariya.

"Madame l'ingénieur, injiniyata, wannan soyayya taki tana da wari fa."

"In ta yi maka yawa ka sauke."

"Ina! Na riga na ɓata rigar."

Mu dawo mu maƙale a cunkoson Ndokoti, rana na dukan mu, 'yan benskin, wato 'yan acaɓa, suna zagin kowa, shi kuwa ya sayo min rake ya fere min yana ba ni labarin gidan da zai kama mana a unguwar Village mai famfo a ciki. Ina gaya muku gaskiya, ba turarensa ko shaddarsa suka sa na so Rabe ba. A bayan keken nan na so shi, tsakanin buhunan dusa.

Da aiki ya yi kyau sai Madam ta ce sakamakon ɗakin gwaji bai isa ba, sai an gwada a hannun mai sana'ar da wuta ce abincinsa. Rabe ya ce ai an gama, ga tukubar Alhaji. Ni kuwa ban yi saurin amincewa ba, don na san unguwarmu. A garin da Musulmi ba su ne masu yawa ba, mutum ba nama yake saye ba, sunan mai naman yake saye. Tun kafin a haife ni ake cin soyan Alhaji Bakari ido rufe. Mata su aika a gasa musu na suna da na biki, baƙo daga Ngaoundéré ya sauka a ce masa ga inda zai ci hankali kwance.

Na ce wa Rabe ban yarda a kai ko curi ɗaya ba sai ya zaunar da Alhaji ya faɗa masa da abin da ake yi, daga ina kuma ake ɗaukowa. Da ni ce zan iya da na je da kaina, amma ina ni ina zama gaban suruki ina masa bayanin yis? Na maimaita masa a keke, na maimaita a waya. Rannan da yamma sai ga saƙonsa:

"Na gaya masa. Ya ce babu komai, Allah ya yi miki albarka. T'inquiète, kada ki damu, Jan."

Na rungume wayar a ƙirji. Ko kusa ban kawo komai a raina ba.

Gawayin ya karɓi tukuba. Ba tartsatsi, ba hayaƙin da ke sa ido ruwa, kuma zubi ɗaya yana kai su nesa. Alhaji ya fara aiko min da ƙunshin soya mai zafi da yaji a gefe, ya ce a kai wa ɗiyarsa mai wuta. Inno da ta hana ni shigo mata da ɗanyar dusa ko bakin ƙofa, sai ga ta tana ɗibar gawayin daga buhunan da nake jingine a soro tana ɗora tuwo. Aka kawo goro da alawa aka sa rana bayan Babbar Sallah. Ƙawayena suka fitar da anko, atamfa kore mai zanen ganye. Ni kuma ina lissafin in kare kundina gaban malamai, in wanke hannu, in sa lalle.

Sai jami'a ta shirya baje kolin binciken ɗalibai.

Na sha kwalliya ranar, ba zan ɓoye ba. Riga da siket na atamfa ruwan goro, na yafa mayafi kalar madara, na ɗora farar rigar ɗakin gwaji a sama. Bayana ga babban allon da Madam ta sa aka buga, da hotunan kowane mataki na aikin. Wani matashi mai kyamara daga wata tashar intanet ya tsaya ya yi min tambayoyi da Faransanci, na amsa da Faransanci. Na ce dusar masana'antar giya, kamar yadda nake faɗa kullum a makaranta, inda kalmar ba ta ɗaga wa kowa hankali. Ya tambaye ni a ina aka gwada. Kunya ta hana ni kama suna, na ce a wurin wani babban mai soya a New Bell.

Ashe ya juya kyamarar kan allon. Hoton ƙarshe a jikinsa Alhaji ne tsaye gaban tukubarsa da jar dararsa, yana juya nama a kan gawayina, ga sunansa ɓaro-ɓaro a bango. Rabe ne ma ya ɗauko min hoton da wayarsa. Sunan da bakina ya ƙi faɗa, allo ya faɗa wa duniya.

Ban san wanda ya yanko wurin ba. Na dai san kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya a unguwa, an ɗora masa muryar wani mutum da Hausa yana cewa jama'a su zo su ji da abin da ake gasa musu nama. Babu wanda ya tsaya jin batun yis ko matata. Suna ɗaya aka raɗa masa, gawayin giya, kuma sunan ya zauna daram.

Tukubar da ake layi ta koma sai ƙudaje. Masu biki suka aiko a bar nasu. Na ji an ce a masallaci wani ya gyara tsayuwa ya bar tazara tsakaninsa da Alhaji. Inno ta tafi suna ta dawo tun ba a raba abinci ba, ta ce tana shiga aka yi tsit kamar an ɗauke wuta. Ta cire gyale ta zauna bakin gado ta juya min baya, wanda ya fi min zagi ciwo.

Ni duk a tunanina Alhaji ya san komai, abin da ya rage shi ne mu haɗu mu yi wa mutane bayani. Na kira Rabe, bai ɗauka ba. Na rubuta, ya karanta bai amsa ba. Haka muka yi kwanaki, ina duba waya har a kan sallaya. Ranar Asabar da safe, lokacin da ya saba zuwa ɗauka ta, ina wanke kwanukan koko a tsakar gida, saƙonni suka shigo a jere.

"Jan, ki yafe min. Ban gaya masa ba."

"Wallahi na yi niyya. Kullum sai in ce gobe. Da na ga yana yabon gawayin sai na ce a bar shi kawai."

"Ya tambaye ni, na ce ban san da me ake yi ba. Zai zo gidanku bayan la'asar. In an tambaye ki, ki ce ba ki faɗa min ba. Ke zai yafe miki, zai ce yarinta ce da boko. Ni in ya san na sani ya gama da ni, auren ma ya tafi. S'il te plaît, don Allah, Jan. Don aurenmu."

Na karanta, na sake karantawa, kumfar sabulu na bushewa a hannuna. Abin da ya fi ƙona min rai ba tsoronsa ba ne, kowa na iya jin tsoron mahaifinsa. Albarkar nan ce. "Allah ya yi miki albarka." Shi ya zauna ya ƙirƙiro ta ya sa a bakin tsoho, ni kuma na yi watanni ina jin daɗinta.

Na kai wa Inno wayar, don ita kaɗai ce a gidan ta san wanda ke kai ni ɗaukar dusa. Na karanta mata. Na zaci za ta tashi da faɗa, sai na ga ta yi tagumi. Ta ce an raba goro, an yanka anko, dangi daga Yaoundé sun fara shirin tahowa. Ta ce yaron ba mugu ba ne, tsoro ne, kuma babu gidan da mace ba ta haɗiye wata magana ba don zama ya yiwu. Ta ce magana ce ta minti ɗaya, in na faɗa ta wuce, in na ƙi kuma in kwana da sanin ni na rushe abina da hannuna.

Na shiga ɗaki na kira yayata Sauda da ke aure a unguwar Sodiko. Ita ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Ke, buhun dusa ya ɗaukar miki, shi ne za ki ɗaukar masa wannan? Ma petite, ƙanwata, wanda kika ɗauka yau ba a sauke shi fa. Har ki tsufa mai yaudarar suruki za a kira ki."

Na ce mata ina son sa.

"Ashiya," ta ce, wato sannu a bakin mutanen nan. Sai kawai na ji ita ma tana jan hanci.

Kada ku tambaye ni hankali, masu karatu. Na san gaskiya tana wurin Yaya Sauda. Amma ni ba gaskiya nake nema ba a ranar, Rabe nake nema. Ina tuna hankicin nan a hancinsa, da raken, da gidan Village mai famfo a ciki, sai in ji zan iya haɗiye ko mene ne.

Bayan la'asar aka yi sallama. An ɗan yi yayyafi, lungunmu ya yi caɓi, na ji suna karkaɗe takalma a soro. Baba, wanda ya yi aikin akawu a tashar jirgin ruwa har ya yi ritaya, mutum ne da ba ya son hayaniya, ya shimfiɗa musu darduma a falo ya kashe rediyo. Na zura dogon hijabina ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Inno ta tsaya bayan labule. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su.

Alhaji ya rame. Babbar rigar da ke cika shi ta zama kamar ta aro. Ya amsa gaisuwata yadda ya saba, har da tambayar karatu. Rabe na gefensa cikin farar shadda, kansa a ƙasa, yana wasa da zaren darduma. Ko sau ɗaya bai ɗago ya dube ni ba.

Bayan an gama gaishe-gaishe Alhaji ya ce shi ba faɗa ya kawo shi ba, tambaya ɗaya ce yake so a amsa a gaban kowa. Ya juya wajen ɗansa.

"Rabe, ka san da abin da ake yin gawayin nan lokacin da ka kawo min shi?"

"Ban sani ba, Alhaji."

Ko gargada muryarsa ba ta yi ba. Ni kuwa na riga na yanke shawara tun a ɗaki. Baba ya gyara tabarau ya dube ni.

"Jannatu, ba ki faɗa masa ba?"

Labulen Inno ya motsa. Na kalli hannuwana, har yanzu da sauran baƙi a gefen farce.

"Ban faɗa masa ba, Baba. Laifina ne."

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ido da ido ba sai ranar. Na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Mutumin da ke yawo da sakamakon jarrabawata a aljihu yana nuna wa abokansa, ya sunkuyar da kai gaban baƙo yana neman kalmar ban haƙuri. A daidai lokacin kuma na ji Rabe ya sauke ajiyar zuciya. A hankali ya yi, amma na ji. Ina jin Alhaji ma ya ji.

Baba ya fara cewa a yi haƙuri, yarinya ce, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce a bari ya ba da labarin inda ya je shekaranjiya.

Ya ce da maganar ta ishe shi, ya ga bai dace ya yanke hukunci kan abin da bai gani da idonsa ba. Ya hau benskin shi kaɗai har bakin ƙofar masana'antar. Ya tarar da masu kiwo na loda dusar, cikinsu har da mutanen da ya shekara yana sayen bijimai a hannunsu. Ya damƙa, ya sansana, ya tambayi yadda ake fitar da ita. Daga nan ya wuce wurin liman ya zayyana masa, liman ya ce shi bai ga abin da ya haramta wuta irin wannan ba. Har zuciyata ta fara sanyi, na ce ashe Allah ya kawo mana mafita.

Sai ya ci gaba. Ya ce yana tsaye a wurin wata mai sayar da dusar ta ƙura masa ido, ta ce ai ta gane shi, kamanninsa da ɗansa sun yi yawa. Ta ce ya gaishe mata da ɗansa mai shuɗin keke, mai ɗaure hanci da hankici, wanda ke zuwa duk Asabar da amaryarsa.

Zaren da Rabe ke ja ya tsaya a hannunsa.

"Na tambaye shi a gida," in ji Alhaji. "Na tambaye shi a hanya da muna tahowa. Na ce bari in tambaye shi a gabanta, wataƙila in ya ga fuskarta ya ji kunya."

Rabe ya buɗe baki, Alhaji bai ko kalle shi ba. Baba yake kallo.

"Malam Amadu, ciniki ya tafi, zai dawo ko kada ya dawo, wannan na Allah ne. Gawayi bai ɓata tsakanina da gidanka ba. Amma yarinyar nan ta ɗauki abin da ba nata ba ta aza a ka, a gaban mahaifinta, shi kuma yana zaune yana jin daɗi. Ka ba ni 'ya, na gode. Ni ne ba ni da ɗan da zan ba ta."

Ban san lokacin da na manta da kunya ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ɗago ina hawaye.

"Alhaji, ni na yafe masa. Wallahi na yafe."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Muryarsa ta yi laushi irin yadda yake cewa ɗiyata mai wuta.

"Na sani, ɗiyata. Shi ya sa."

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Inno ta fashe da kuka a bayan labule. Baba ya raka su, ni kuwa ina durƙushe a inda nake. Ina ji daga soro Alhaji ya tsaya wajen buhunan da ke jingine, yana ce wa Baba a ajiye masa biyu zai aiko a ɗauka. Ya ce da shi zai ci gaba da gashi, mai ci ya ci, wanda ba zai ci ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Kun ji yadda aka yi. Gawayina ya ci jarrabawa, ni na faɗi. Baba bai yi min faɗa ba. Washegari ya same ni a tsakar gida ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada in ƙara rage kaina saboda kowa, ya wuce. Inno ta ninke ankon ta tura can ƙasan akwati. Madam na ta kira kan ranar kare kundi, ina kallon wayar har ta katse. Yaya Sauda ta ce wata rana zan gode wa tsohon nan. Wataƙila. Yau dai ban gode ba. Yau ina jin haushinsa, ina ganin girmansa, kuma ina son ɗansa kamar yadda nake son sa ranar da ya fere min rake a Ndokoti. Ku zage ni in kuna so, ba zan yi muku ƙarya ba, wadda na yi ta ishe ni.

Rabe bai kira ba, bai rubuto ba. Sai dai akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da safen nan. Alhaji ya ce zai aiko a ɗauki buhu, kuma duk gidansa mutum ɗaya ne ke da keke.

Ina cikin rubuta muku wannan na ji ƙararsa ta shigo lungu. Ko cikin kekuna ɗari zan gane ta. Baba ya fita kasuwa. Inno ta leƙo ta dube ni, ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Buhunan na soro, sakatar ƙofar gidan kuma ta ciki ce.

Ya yi sallama ta farko ina cikin rubuta sakin layin da ya wuce. Yanzu ya yi ta biyu, muryar a dashe. Kun san in mutum ya yi ta uku ba a amsa ba, juyawa yake.

Ga ni zaune, mayafina a hannu, ban yafa ba, ban kuma ajiye ba.